Ruwan da aka ƙara min ne ya kusa kashe ni

Wata bakwai ban ce uffan a nan ba. Masu cewa Hajara ta haihu ta yi girman kai, na yafe muku. Saura ƙiris da ta'aziyyata kuka karanta.

Sati uku da haihuwar Amira, ina wankan gida wurin Innata a Mamudo, ƙafafuna suka kumbura. In na kwanta numfashi ya gagara, sai na zauna na jingina da bango. Inna ta ce jego ne, ta ƙara min kanwa a kunu.

Ranar Laraba da hantsi na miƙe zan ɗauki jaririya, jiri ya kwashe ni.

Kun dai san halinmu. Da mutum ya yi laushi, ba a tambayar me ya same shi, sai a ce a ƙara masa ruwa. Aka kira mai kemis, ya auna, ya ce jinina ya sauka sosai. Ya rataya ledar ruwa a ƙusar labule. Ta ƙare, ya sa ta biyu. Ta uku na kai rabi na fara tari, kumfa na fita ta bakina.

Haka aka kawo ni asibitin Potiskum, mijina Malam Bukar na riƙe da ledar sama kada ta tsaya.

Likitar da ta tarbe mu, Dakta Asabe, ta taɓa hannuna ta ji sanyi ƙalau, ta saurari ƙirjina. Abin da ta fara yi shi ne rufe ruwan.

Inna ta yi kanta. "Ke 'yar nan, yarinya na mutuwa ki hana ta ruwa? Ko gani kike ba za mu iya biya ba?"

"Inna, ruwan ne yake kashe ta."

Ina jin su, na kasa magana. Wallahi ni ma bayan Inna nake.

Aka sa min iskar numfashi. Likita ta ɗauko wata 'yar na'ura, ta jona da wayarta, ta ɗora a ƙirjina. Ta nuna wa Malam zuciyata tana motsi da ƙyar. Ta ce zuciyar ce ta gaza tura jini, shi ya sa awon ya sauka, kuma ruwan da aka ɗura min duk huhuna ya taru.

Malam ya ce, "Zuciya kuma? Shekararta ashirin da tara fa!"

Sai ta kira waya ta bidiyo. Ashe akwai haɗin gwiwa tsakanin likitocin zuciya na ƙasashe daban-daban da ƙananan asibitoci irin namu. Su suka koya mata aikin na'urar, kuma tare suka tsara abin yi inda babu manyan injuna. Na ga fuskar wata dattijuwa a Indiya tana duban hoton zuciyata, suna shawara da Turanci. Ni da ko Kano sau biyu na taɓa zuwa!

Suka yanke shawarar sa min maganin ƙarfafa bugun zuciya. Babu injin auna shi, sai nas Talatu ta zauna da agogo tana ƙirga ɗigo. Aka sa min robar fitsari, kowa ido a kan jaka, don an ce in ƙoda ta tsaya, sai addu'a.

Wajen la'asar fitsari ya sauko. Ban taɓa ganin an yi wa fitsari hamdala ba sai ranar.

Bayan kwana huɗu aka wuce da ni babban asibiti, na yi sati biyu. Malam ya sayar da bijiminsa. Har yau ina shan magani, an hana ni gishiri da kanwa, an ce kada in kuskura in ɗauki ciki sai likita ya yarda.

Na gode wa Allah. Na gode wa Dakta Asabe da ta sha zagi ba ta buɗe ruwan ba, da Talatu, da dattijuwar da ban san sunanta ba.

'Yan'uwa, mai jego in ta kumbura, ta kasa kwanciya don numfashi, a kai ta asibiti ranar. Kada a rataya wa kowa leda a gida ba a san ciwonsa ba.

Kuma kada ku zagi Innata a nan. Ranar da aka sallame ni ta kama ƙafata tana kuka, ta ce, "Hajara, ni na ce wa mai kemis ya sa ta ukun."