Maƙwabciyar Rumfar Mama

Tun ina ƙarama na san Mama ba ta shiri da Alhajar da ke rumfar gefenta a Kasuwar Singa. Kaya iri ɗaya suke sayarwa, taliya da madara da sabulu, kuma dukansu iyayensu daga ƙasar Yarabawa suka zo. Mu muna Fagge, ita tana Sabon Gari, amma ba wadda ta taɓa taka gidan wata. Kullum Mama ta dawo sai mun sha labari: yau matar nan ta janye mata mai saye, jiya ta tura mata kwali gaban rumfa.

Amma da an kira azahar, Mama za ta miƙe ta tafi salla ba tare da ta ce uffan ba, Alhaja ta tsare mata rumfa har ta yi mata ciniki. In ta dawo, ita ma Alhaja ta tafi. Daga nan a ɗora faɗa daga inda aka tsaya.

Da ciwon ƙafa ya matsa wa Alhaja, ɗanta ya zo ya tafi da ita Legas. Har barka na yi wa Mama. Masu saye duk suka dawo wajenta.

Sai Mama ta fara rama. Abinci sai an yi da gaske, kasuwar ma sai ta ga dama. Tsoro ya kama ni, na kai ta asibiti. Likita ta ce jikinta lafiya lau, sai dai ƙwaƙwalwa kan saba da mutum, in babu shi ta yi ta nemansa, ko da ba daɗinsa take ji ba. Ni dai kaina ya ƙulle. Ko rasuwar ƙanwarta ba ta kwantar da ita haka ba, kuma gaskiya abin ya ba ni haushi.

Na ce, "Mama, kewar Alhaja kike yi?"

Ta harare ni. "Wannan fitinanniyar? Allah ya kiyaye."

"To ki ba ni lambarta in kira miki ita."

Ta daɗe tana kallon wayar da ke hannuna.

"Ba ni da ita," in ji ta a hankali. "Me zan yi da lambarta? Ai kullum tana nan."