Turakun Na'Allah

Na'Allah bai yi boko ba, amma shekara tara ya yi a Sakkwato yana ja wa wani safiyo, mai awon ƙasa, sarƙar awo. Da aka sallami leburori a 1982, ya komo Bodinga, hakimi ya ba shi aikin yanka filayen sabuwar unguwa a hanyar Danchadi.

Awonsa da igiya ne da turaku. Lungu dai, in ji shi, sai jakai biyu da kaya sun wuce juna. Ya miƙe lungunan daga gabas zuwa yamma, don hantsi ya shiga ya busar da taɓo da damina, ya kuma tsara gidajen yadda tsohuwa za ta taka zuwa rijiya ba ta huta a hanya ba.

Wani dillalin albasa, Alhaji Ɗantani, ya sayi filaye biyu masu kallon juna, ya ce zai haɗe su da katanga. Lungun rijiya ne a tsakaninsu.

"Tumɓuke turakunka," in ji Alhaji.

"Alhaji, hilin da anka sayar maka ya ƙare ga wanga turke. Sauran na masu ƙafa na."

Lokacin zaɓe ne, 'yan banga sun yi arha. Ran Laraba da azahar mutum biyar suka zo da gorori da adda. Na'Allah ya durƙusa ya rungume turke. Suka yi ta dukansa a gadon baya har gora ta tsage, bai saki ba. Sai ɗaya ya sari hannunsa na dama, yatsu uku suka faɗi a ƙasa.

Matarsa Atika na dawowa daga rijiya. Ta sauke tulun a kan mai addar, ya kife, jini da ruwa suka haɗu. Kafin la'asar mazan unguwa sun fito, rumfar albasar Alhaji ta ƙone ƙurmus, an kuma kashe wani magini mai suna Maniru, wanda ya shiga rabon faɗan.

Alƙali ya hana katangar. Amma Na'Allah bai ƙara iya bin lungun ba, don kullum sai ya ga matar Maniru a ƙofar gidanta. Da raunin ya warke ya kwashe iyalinsa zuwa Dandin Mahe. Can ya ci gaba da awo, yana ɗaure igiya da hagu da haƙori, har ya rasu shekara huɗu bayan haka.