Gorar Kawu Bukar

Ina zaune a zauren gidanmu, littafin soyayya ɓoye cikin hijabi, ranar da Kawu Bukar ya dawo daga Kano. Sai idona ya faɗa kan gorarsa. An yanka mata wata sabuwar alama da wuƙa, ɗan sama da cibiyarsa.

Ku da kuka san shi kun san gorar nan. Da ita ya yi shekaru yana tuƙa kwalekwale, yana fito da mutane a kogin Haɗeja, kuma ko da ya bar fito bai bar ta ba. Masallaci da ita, ɗaurin aure da ita. Kafin ya zauna a tabarma sai ya caka mata gora tukuna, wai shi bai yarda da wurin da bai auna ba. Yayan Innarmu ne, amma duk yaran unguwa Kawu suke ce masa.

Bandar kifi ya raka Kano, a can ya ga gidan wasan yara. Ya tara mu a tsakar gida yana ba mu labarin wani lilo mai kama da wilin keke, wanda ya fi rimi tsawo, yana ɗaga mutane sama har su ga ƙarshen gari.

"Da Sallah zan kai ku, duk ɗinku," in ji shi. "Amma akwai wani mugun yaro a bakin lilon da sandar awo. Wanda bai kai ba, a ƙasa ake barinsa yana kuka. Na gani da idona. Shi ya sa na ɗauko awon sandar a gorata. Sai kowa ya kai alamar nan za mu tafi. Jirgina ba ya barin mutum a gaɓa."

Wayyo ni! Tun daga ranar na daina barci sosai. A littattafan da nake karantawa, a irin wuraren nan ake haɗuwa. Na riga na gama tsarawa: ina can sama iska na kaɗa mayafina, wani kyakkyawan saurayi mai farar mota yana ƙasa ya ɗaga kai, ya kasa sauke shi.

Aka jera mu a jikin gora. Kowa ya wuce alama, har Naomi 'yar Malama Rifkatu, malamar firamare daga Filato da ke haya a maƙwabtanmu. Kowa ban da ƙanena Habu. Habu kuwa ko kusa. Tsakaninsa da alamar ya fi tafin hannu.

"To, ba wannan Sallar ba," in ji Kawu, ya ɗauki gorarsa.

Nan aka shiga aikin tsawaita Habu. Kan kifi duk nasa ne. Da safe Kawu ya ɗaga shi ya kama reshen darbejiya, ya bar shi yana reto har sai ya ce wayyo. Wata rana Habu ya zo awo kansa a kumbure, ashe tsummoki ya cusa cikin hula. Kawu ya cire hular da bakin gora, tsummokin suka zubo.

"Kai ɗan nan! Tsawon aro ba ya ƙetare ruwa. Koma ka ci tuwo."

Malama Rifkatu ta leƙo ta katanga tana dariya. "Baba Bukar, ai akwai na ƙanana, wasu dawakai na roba masu zagayawa. A sa shi a can mana."

"Malama, 'yan'uwansa suna sama suna gaisawa da shaho, shi yana ƙasa a kan jakin roba? Haka kike yi wa yaranki a makaranta?"

Kafin Habu ya girma, Kawu ya ce ba za a zauna haka ba, sai an yi gwaji. Wai ya ga 'ya'yan Kano da kansu suna amai bayan sun sauko, shi kuwa ba zai kai 'ya'yan Haɗeja su zubar masa da mutunci ba. Ya ɗura mana fura har wuya, ya loda mu a kwalekwalen wani tsohon yaronsa, ya kai mu tsakiyar fadama wajen hanyar Kirikasamma. Ya kafa gora a laka, ya shiga juya jirgin kamar dutsen niƙa. Masu dashen shinkafa suka miƙe tsaye suna kallon ikon Allah. Naomi tana kiran Yesu, mu muna salati, furar kowa ta koma wa kifi. Mutum ɗaya ne bai yi amai ba: Habu, yana ta ihu a ƙara.

Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai. "Mai ciki ba shi da tsawo, masu tsawo ba su da ciki. Allah ke nan, ba ya haɗa wa bawa."

Sai gwajin ɓata. Ranar kasuwa ya ɗaure mu a ƙugu da igiyar taru, ya ja mu cikin cinkoso kamar awaki, ya koya mana wani fito da masunta ke kiran juna da shi. Ni kuwa da muka zo rumfar mai littattafai, na hango wani sabo mai hoton fure a bango, na zare igiyar na tsuguna. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Ashe duk kasuwa ta ɗauki fito, har 'yan dako sun shiga. Sai na ji bakin gora a kafaɗata.

"Gimbiya, an ɗaura auren ne ko da saura?"

"Kawu, saura shafi biyu."

"Tashi. Saurayin takarda, ruwa ɗaya ya ishe shi."

Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Shekarar da muka sa rai kuma ambaliya ta cinye hanya da gonaki, ba wanda ya yi zancen wasa. Habu yana ƙaruwa, amma kamar kunkuru. Ni kuwa na fara zama budurwa, har Inna ta ce in aka wuce Sallah mai zuwa, ba ni ba hawa lilo cikin yara. Muka tsani yaron nan, Allah ya yafe mana. Ko ruwa ya nema sai a ce ya yi tsawo ya ɗauka.

Ana saura kwana kaɗan azumi ya ƙare aka yi awo. Saura yatsa biyu. Habu bai yi kuka a gabanmu ba. Ya je ya tsuguna gaban Kawu.

"Kawu, ku tafi kawai. Ni dama ba na so."

Kawu ya daɗe yana kallon gorar.

Washegari ya ce a sake awo, wai jiya ƙasar ba ta daidaita ba. Habu ya tsaya, sai ga kansa cif da alama! Gida ya kaure da guɗa. Ni kaɗai na lura gindin gorar ya yi fari, sabon yanka, an shafe shi da laka. Na ɗaga kai muka haɗa ido da Kawu.

"Gimbiya, je ki karanta littafinki."

Kwana biyu bayan Sallah muka cika mota, da Malama Rifkatu a matsayin 'yar rakiya, da igiyar taru, da kwandon banda, don Kawu ya ce ba zai sayi ƙanƙara mai launi a Kano ba alhali Allah ya yi kifi. Muka iso bakin lilon. Ya fi yadda ya faɗa girma. Yaron mai sanda ya auna mu muna wucewa, har aka zo kan Habu.

"Baba, wannan bai kai ba."

Kawu ya jera gorarsa da sandar. "Ga awonku nan na ɗauka da hannuna. Sandarka ce ta yi tsawo."

"Baba, ƙarfe ne fa."

"Ba a Kano muke ba? Komai naku ƙaruwa yake yi."

Mutanen layi suka fashe da dariya. Yaron ya ce, "To Baba, ka san dokar ai. In babba zai zauna da shi ya riƙe shi, sai ya hau."

Malama Rifkatu ta riƙe haɓa. "Baba Bukar! Dama haka ne? Shekarun nan duk da muka yi muna jira?"

Kawu ya gyara hula, ya ƙi kallon kowa. "Na sani tun ranar farko. Me kike tsammani ya sa nake ta ɗura masa kan kifi?"

Ashe mutumin da ya ƙetare kogi cikin ambaliya, ko tsani ba ya iya hawa! Malama ta ce ita za ta zauna da Habu. Kawu ya ce a'a, shi ya yi alkawari, kuma mai jirgi ba ya aika wani. Ya miƙa mata gorar, karo na farko da na gan shi babu ita, ya kama hannun Habu ya shiga.

Ina kujerar bayansu. Lilo ya fara tashi, Kawu ya runtse ido, ya fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Da muka kai ƙololuwa, ayar ta tsaya.

"Kai mai jirgi! A kai mu gaɓa! A kai mu gaɓa, don girman Allah!"

Habu yana bubbuga masa baya yana cewa, "Kawu, kar ka ji tsoro, na riƙe ka."

Ni kuwa iska ta kaɗa mayafina yadda na tsara, na leƙa ƙasa ina neman mai farar mota. Babu kowa sai Malama Rifkatu da gora, ta durƙushe don dariya. Abokin zamana a kujera kwandon banda ne, kuma ƙamshinsa bai bar kayan Sallata ba har muka dawo Haɗeja.

Da aka sauko Kawu ya karɓi gorarsa, ya caki ƙasa ya tabbatar tana nan, sannan ya ce, "Ba wani abu ba ne. Iska ce ta yi yawa."

Sai da na girma na gane abin da ya faru ranar da ya yanke gindin gorar. Ya san ƙarfen Kano ba zai gajarta ba. Ya san wanda zai hau.

Habu yanzu sai ya sunkuya yake shiga zauren gidanmu, ya fi duk danginmu tsawo. Gorar tana ɗakinsa. Duk Sallah shi ke cika mota da yaran gida da na maƙwabta, ba ya auna kowa, ƙanana a cinyarsa suke hawa.

Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai bar ɗan ƙaramin cikinmu a gaɓa ba, Ya Allah, ranar ƙetare Siraɗi kada ka bar shi a baya. Amin.