Kwana Uku da Kawu Inusa a Gidan Hutu

Duk wanda ya san Kawu Inusa mai albasa na Kasuwar Creek Road ya san ba ya shiga ɗaki ya zauna kai tsaye. Zai yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hanci ya shaƙi iska sau biyu, sannan ya yanke wa ɗakin hukunci: nan albasa za ta yi sati uku. Ko kuma ya girgiza kai ya ce kwana goma ma da ƙyar. Shekara arba'in da wani abu ya yi yana fama da albasa a Fatakwal, garin da ruwa ke sauka daga sama ya kuma taso daga ƙasa, inda buhu kan fara ruɓewa kafin ka gama gaisawa da direban da ya kawo shi. Don haka shi duk inda aka yi rufi, ma'ajiyar albasa yake gani. Ya yi wa ɗakin amaryata wannan hukunci a gaban ƙawayenta. Ranar da aka kwantar da shi a asibiti, likita na latsa ƙafafunsa da suka kumbura, shi kuwa yana gaya wa likitan cewa a ɗakin nan ko mako ba za ta kai ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. A Coal Camp ta Inugu aka haife ni, can nake har yau, amma duk hutun makaranta a rumfarsa na yi shi, shi ya sa dangi ke cewa ni ne ɗan lelensa. Wannan lelen ne ya jawo mini aikin da zan ba ku labari.

Bayan kwanciyar asibitin nan likita ya ce zuciyar Kawu ta gaji, dole ya bar kasuwa. Babban ɗansa, Yaya Bashir da ke Kano, ya riga ya gina masa ciki da falo a ƙauyenmu na ƙasar Kura, an sa labule, an sa fanka, saura mai ɗaki. Amma duk wanda ya ɗauko maganar komawa gida, sai Kawu ya leƙa sama ya ce kamar hadari ne ke haɗowa. Sai Yaya ya ɓullo da dabara. Ya kama wani gidan hutu a kan tuddan bayan garin Inugu na kwana uku, ya ce in kai tsohon ya ɗanɗana zaman hutu, idan jikinsa ya yi laushi in faɗa masa maganar. Ya ce kada in mayar da shi Fatakwal sai ya ce to. Na karɓa, don ban iya musu da Yaya ba, kuma gaskiya ina tsoron wata rana a kira ni a ce Kawu ya faɗi tsakanin buhuna.

Muka ce masa likita ne ya rubuta canjin iska. Ya ce iskar Fatakwal sau biyar take canjawa a rana ba tare da an kai mutum ko'ina ba. Amma da yake yana jin nauyin likita, ya shiga mota.

Gidan, ba don ina son in yaba wa Yaya ba, ya haɗu. Fari ne, shi kaɗai a kan tudu, jan rufi, baranda ta zagaye shi, ƙasa kuwa kwari ne shar da bishiyoyin kwakwar manja har inda ido ya tsaya. Ƙarshen damina ne, gajimare na yawo ƙasa-ƙasa kamar bai san inda za shi ba. Mai kula da gidan, wata dattijuwar Inyamura mai suna Madam Nkechi, ta tarbe mu da fara'a. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙa sau biyu, ya ƙara na uku, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce wata huɗu. Sannan ya tambaye ni me ake sayarwa a nan. Na ce ba komai. Ya ce to me mutane ke zuwa yi. Na ce hutawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce su huta daga me, su da ba su ɗauki komai ba.

A bayan gidan akwai wurin ninƙaya, ruwa garai-garai, an jera dogayen kujerun katako na kishingiɗa a gefensa, irin masu tsaga-tsaga. Na shiga in watsa ruwa in yi shirin la'asar. Ina fitowa na ji muryar Madam Nkechi. Ashe Kawu ya sa an cusa masa rabin buhun albasa a bayan mota ban sani ba, wai ya ga ta fara gumi, ba zai bar ta a Fatakwal ta mutu ba. Ya baje ta tsaf a kan kujerun nan guda huɗu, kowace da tazararta, yana tafe yana juya su.

"Papa, dis place no be market o," in ji Madam, hannu a ƙugu.

Kawu ya ba ta amsa da irin Turancin kasuwarsa cewa duk wanda ya ƙera katakon nan ya san albasa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama, kwanciyar mutum a kai ɓarna ce. Ya zaɓi manya uku ya danƙa mata. Ta juya su, ta shinshina, faɗan ya mutu. Washegari da hantsi sai ga mata biyu daga ƙauyen da ke ƙasan tudun a kan okada, wato acaɓa, da kwanduna, wai sun ji Hausa man ya kawo albasa mai kyau. Gidan da Yaya ya kama don a raba Kawu da kasuwa, kafin azahar ya zama kasuwa.

Sallah ma sai da ta zama magana. Na ce masa mu matafiya ne, kasaru za mu yi. Ya ce bai yarda ba sai ya ji daga bakin Malam Hadi, limamin unguwarsu. Ya kira shi, suka yi gaisuwa tun daga iyali har ruwan sama, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, mutum ne ya yi tafiya, ba fatauci ba, ba ta'aziyya ba, ba biki ba, ba neman karatu ba. An kawo shi ne kawai ya kalli itatuwa. Shi ma matafiyi ne?" Ina jiyo dariyar Malam daga inda nake. Ya ce masa kallon halittar Allah ba laifi ba ne, ya yi kasarunsa. Kawu ya yi godiya, muka yi raka'a biyu, muka sallame. Sai ya miƙe ya hau nafila ba ƙaƙƙautawa. Da ya gama na tambaye shi, ya ce kunya yake ji, a rage masa sallah alhali ko buhu bai ɗaga ba.

A rana ta biyu na kai shi wani wuri da ruwa ke zubowa daga kan dutse, tafiyar ƙasa da rabin sa'a a mota. Sai an cire takalmi an bi ta wani matsattsen lungu tsakanin duwatsu biyu, ruwa iya idon sawu, sanyi kamar daga randa. Muna tafe a hankali saboda ƙafafunsa, yana riƙe da kafaɗata, yana mitar cewa a Fatakwal kyauta ake taka ruwa, ba sai an yi tafiya ba. Da muka ɓulla sai ga shi. Haske na faɗowa ta wata tsaga can sama, ruwan na biyo shi fari fat, feshinsa na tashi kamar hayaƙin girki. Kawu ya saki kafaɗata. Ya tambayi mutumin da ke mana rakiya wa ke rufe ruwan idan baƙi sun tashi. Mutumin ya ce ba mai rufewa, haka yake zuba tun kafin kakanninsu. Kawu ya ce, ko ba mai kallo? Ya ce ko ba mai kallo.

Ya daɗe a tsaye, babbar rigarsa na jiƙewa bai kula ba. Can ya miƙa tafin hannu ruwan ya cika shi, ya ce da ni shekara arba'in yana gudun ruwa, da ya ji ɗigo sai ya ruga neman tamfol, bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba. Ya ce ashe kyakkyawa ne. Na ce a raina ga lokacin nan, jikinsa ya yi laushin da Yaya ke nema. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko yana jin sanyi.

Abin da ya hana shi sakat shi ne shiru. Tunda muka zo bai yi barcin kirki ba, ya ce shirun wurin ƙara yake yi masa a kunne. Da yammacin ranar muka biya ta wani daji na dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, a jere kamar sahun sallah, ƙasa ta yi laushi da busasshen ganyen, iska na wucewa can sama da wani sauti mai kama da numfashi. Na shimfiɗa masa darduma ya kishingiɗa. Ya juya dama, ya juya hagu. Sai ya ce in kira masa Mama Boma, matar da ke sayar da busasshen kifi kusa da rumfarsa tun ina yaro. Da ta ɗauka ya gaishe ta, ya ce ba magana zai yi ba, ta ajiye wayar a kan tebur kawai ta ci gaba da harkarta.

Na ƙara sautin wayar. Sai ga Creek Road ta cika dajin: ihun masu baro, hon ɗin keke napep, wata mata na ciniki kamar za ta yi dambe, jirgin ruwa na kuka daga bakin gaɓa. Kawu ya lumshe ido yana murmushi. Ya ce wancan Ɗan'azumi ne ke faɗa da mai baro, baron nan har yau ba a sa masa mai ba. Ya ce wannan tarin na Alhaji Mudi ne, bai sha maganin da ya ba shi ba ke nan. Muryarsa na raguwa, na raguwa, har ya yi shiru. Barci ya ɗauke shi, irin wanda ban ga ya yi ba tun kafin asibiti. Na zauna riƙe da wayar kusa da kunnensa har ta yi zafi a hannuna, kuma a nan jikina ya fara ba ni cewa aiken da aka yi mini ba daidai ba ne.

Duk da haka aike aike ne. Ranar tafiya, bayan asuba, muna zaune a baranda da shayi, gajimare ya sauko ya cika kwarin har ba a ganin komai sai kawunan bishiyoyi suna iyo a kai. Na sunkuyar da kai na zazzage masa komai: maganar likita, ɗakin da aka gina, dabarar Yaya, da cewa an hana ni mayar da shi sai ya amsa.

Bai yi fushi ba. Ya ce tun a Rumuokoro, kafin mu bar Fatakwal, ya gane, don tunda yake ba a taɓa buɗe masa ƙofar mota ba sai ranar. Ya kurɓi shayi, ya ba ni labarin zuwansa gida na ƙarshe, wata ta'aziyya shekarun baya. Ya ce yara suka bi shi suna ga baƙo daga Kudu. Ya nemi gawon da ke ƙofar gidan mahaifinsa ya tarar da shagon cajin waya. Kowa ya girmama shi, kowa ya ce masa Alhaji, amma bai sami mutum ɗaya da zai kira shi Inusa gatsau ya zage shi cikin wasa ba. Masu yin haka, in ji shi, rabi suna Creek Road, rabi suna maƙabartar Fatakwal.

"Sanusi," ya ce, "Uwargidana, Gwaggonka Hajara, tana can. Da hannuna na sa ta a ƙasa. Daga ƙauye na ɗauko ta tana yarinya, na kawo ta garin da ba ta san kowa ba, ba ta taɓa cewa in mayar da ita ba. Yanzu in tattara in tafi in bar ta ita kaɗai? Ka ce wa Bashir Allah ya yi masa albarka, ɗakin ya sa baƙi. Buhu na bar ɗagawa, tarar mota na bari, magani zan sha. Amma a bar mini kujerata a bakin rumfa."

Na sauka daga barandar na kira Yaya, na ce masa Fatakwal za mu koma, kuma ni ba zan sake tayar da maganar ba. Ya yi faɗa sosai. Ya ce an aike ni in jawo tsoho, tsoho ya jawo ni, kuma idan wani abu ya same shi a kasuwar nan, ni ne. Wata biyu ba ya ɗaukar wayata. Wannan kalmar ta "ni ne" ta zauna mini a ƙirji, kullum waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Kawu ya yi wata bakwai a kan kujerarsa, yana ba da umarnin da ba a tambaye shi ba, yana raba faɗan da ba nasa ba. Ranar wata Alhamis ya dawo daga kasuwa da ƙafarsa, ya yi la'asar, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Shi ke nan.

Kun ga jama'ar da ta taru a jana'izarsa, ba sai na faɗa muku ba. Layinsu gaba ɗaya aka rufe, har waɗanda ba sa sallah suka tsaya daga nesa hula a hannu, Mama Boma na kuka kamar ubanta ne ya rasu. Aka sa shi kabari biyu tsakaninsa da Gwaggo. Yaya Bashir ya iso daga Kano ana shirin ɗaukar gawa, bai ce mini uffan ba har aka gama rufewa. Da mutane suka fara watsewa ya tsaya yana kallonsu, yana tambayata wane ne wannan, wace ce waccan, ina gaya masa. Sannan ya kama hannuna ya riƙe gam, ya ce, "Gara da ka ƙi jin maganata."

Allah ya jiƙan Kawu Inusa, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya sada shi da Gwaggo Hajara a gidan da ba a rabuwa, mu kuma idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.