Bangon Gabas

Shekarar da masaƙarsu ta Challawa ta sallami ma'aikata, Malam, maigidana, ya dawo zaman gida a Panshekara. Ɗakinmu na ƙasa ya tsage, siminti kuma ya fi ƙarfinmu. Wani injiniya ɗan Filato da suka yi aiki tare ya nuna masa yadda ake buga bulo ba siminti: tokar ɓuntun shinkafa, jar ƙasa gasasshiya, da ruwan soda mai cin hannu. Malam ya ƙara nasa, makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da kakanninsa magina ke shafe soro da shi. Ya ce ita za ta hana ruwa shiga. Unguwa ta yi ta dariya, yayansa ya fi kowa.

Ni ke jiƙa makubar. Bango uku sun tashi, sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Daga kan tabarma yake ba masu kwaɓi umarni. Ranar buga bulon bangon gabas makuba ta ƙare mini, kasuwa da nisa, ga shi yana tari ba mai riƙe shi. Na cika tulun makubar da ruwan rijiya, na juye ɗan guntun da ya rage don launi. Ya tambaya ko ta isa, na ce ta isa.

Bai ga damina ba. Allah ya ji ƙansa. Har yau in na ji warin ɗorawa sai hawaye.

Ina takaba a sabon ɗakin, hadari ya haɗo bayan azahar, daga gabas kamar kullum. Yaya ya shigo ya ce in koma zaure. Na ƙi. Na zauna na ɗora tafina a bangon gabas. Ya yi sanyi, ya yi laushi, can ƙasa ta fara biyo yatsuna. Kafin la'asar kusurwar ta zube waje.

Maƙwabta suka cika tsakar gida. Yaya yana ta cewa da ma ya faɗa wa Malam toka ba ta gini, ga abin da taurin kai ya bar wa iyali.

"Yaya, ku taɓa sauran ukun," na ce.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A bushe suke, kamar dutse.

"Wannan ban sa masa makuba ba. Ruwa na zuba. Malam ya tambaye ni, na yi masa ƙarya."

Yaya ya daɗe yana murza ɓarɓashin a hannu. Sannan, bai ko dube ni ba, ya tambaya kwano nawa na ɓawo Malam ke sa wa tulu ɗaya.