Ba a Makara Sai Na Buga

Ina Shuwak ina kafa wa wani mai shago ƙofa labarin ya same ni. Wani direban lori ɗan unguwarmu a Gadarif ya tsaya shan shayi, ya hango ni, ya taho yana gaisuwa. Da gaisuwar ta yi tsawo sai na ajiye guduma. Ya kira ni da usta, yadda ake kiran mai sana'a a nan, ya ce, "Usta Salihu, sai haƙuri. Kawu Iliyasu ya riga mu gidan gaskiya." Tun jiya da safe ne, in ji shi, kuma an kai shi kafin azahar. Ba wanda ya yi shela. Ƙarfe takwas ta yi, ta wuce, ba a ji diski ba, wato ƙararrawar makarantar da yake bugawa, sai mutanen unguwa suka fara fitowa ƙofar gida suna duban juna.

A cikin akwatin kayan aikina akwai wata igiya mai ƙulli shida da ya ba ni wata biyu kafin ranar nan. Zan zo kan igiyar.

Kawu Iliyasu yayan mahaifiyata ne. Aikin manyan gonakin Simsim ya yi da ƙuruciya, har bayansa ya ƙi, sannan ya sami aikin gafir, wato mai gadi, a makarantar firamare ta Sistoci da ke bayan unguwarmu. Tun ina yaro yake can, har furfura ta fito mini. Masu tsokana a masallaci suna kiransa gafirin coci. Ba ya fushi. Yakan ce shi ƙofa aka ba shi tsaro, kuma rabin masu shiga ta 'ya'yan masu tsokanar ne, sauran 'ya'yan mutanen Kudu da na Habasha da na Iritiriya, dukansu majina iri ɗaya suke yi. Shi ne kuma ya sa aka share gefen ɗakin ajiya domin yaran Musulmi su riƙa sallar azahar, shugabar makarantar, Sista Rozina, ta sayi butoci da kanta.

Ku da kuka yi makarantar, na san da an ambace shi hannunsa kuke fara gani, a ɗage sama. Ƙararrawar makarantar faifan garmar tarakta ce, wadda muke kira diski. Shi ya ɗauko ta daga Simsim, ya rataye ta a itacen dalbejiya da ke bakin ƙofa. Idan lokaci ya yi sai ya ɗaga guntun ƙarfen da yake bugawa da shi, ya tsaya a haka, ya zuba wa hanya ido. Muddin akwai yaro ɗaya da ke tahowa da gudu, ko daga ina ya hango shi, hannun nan ba ya sauka. Sista Rozina takan fito daga ofis tana nuna masa agogon hannunta, ta ce takwas ta wuce da minti goma. Yakan ce, "A agogonki, Sista. Nan ba a makara sai na buga." Shekara da shekaru suna wannan, ba wanda ya gaji, ba wanda ya ci nasara.

Amma wannan rahamar ta yara ce kawai. Wata rana mai duba makarantu ya aiko cewa zai zo ƙarfe takwas, ya iso takwas da rabi cikin mota, ya tarar da ƙofa a rufe. Ya yi ta buga ham. Kawu ya leƙo ta ƙaramar taga ya ce masa an fara darasi, kuma dokar makaranta ita ce wanda ya makara ya jira a fita futur, wato karin kumallon hantsi. Mutumin ya faɗi muƙaminsa. Kawu ya ce masha Allah. Mutumin ya ce ai ya ji labarin a makarantar nan ana jiran masu makara. Kawu ya ce, "Yaro ƙafarsa gajera ce. Kai da ka zo a mota, mene ne uzurinka?" Sai da Sista ta fito da kanta tana ba da haƙuri. Daga baya ta kira Kawu ofis don ta yi masa faɗa. Malamin da ke wurin ya ce ta fara da kyau, amma da ta zo kan maganar gajeriyar ƙafa sai ta juya tana gyara labule.

Akwai shekarar da Fada, limamin cocin, ya dawo daga Khartum da ƙararrawar tagulla, mai ƙyalli, mai daɗin murya. Aka tara yara aka nuna musu. Kawu ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya yaba. Sannan ya roƙi Fada alfarma ɗaya: ya taka zuwa bakin kasuwar dawa ya tsaya ya saurara. Fada mutum ne mai son wasa, ya tafi. Kawu ya kaɗa tagulla sau uku, ya jira, ya ɗauki ƙarfensa ya ba diski sau ɗaya. Da Fada ya dawo ya ce sau ɗaya ya ji, kuma har jakin mai ruwa ya zabura. Kawu ya ce, "To ka gani. Taka ta kiran mala'iku ce, su kunnensu ƙalau. Ni 'ya'yan Hausawa nake kira daga kan tuwo." Tagullar tana nan a ɗakin ajiya, a naɗe cikin buhu, ana fito da ita idan manyan baƙi sun zo.

Ɗakin ajiyar nan kuwa, duk abin da duniya ta yar yana ciki. Kawu bai yarda akwai abin da ya ƙare ba. Idan benci ya karye zai zare ƙusoshin, ya zauna a inuwa yana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse, ya zuba cikin gwangwanin madara. Guntayen alli ma ba ya bari. Wata shekara ya tara su ya daka, ya kwaɓa da ƙaro, ya mulmula, ya shanya, ya kai wa malamin aji uku da alfahari. Allin ya yi rubutu, fari tas, ya fi na kanti. Malamin ya cika allo da lissafin gidan bakwai. Da aka zo gogewa sai rubutu ya ce bai san zancen ba. Aka sa tsumma, aka sa ruwa, yana nan kamar an haife shi da allon. Sai da aka yi hutu aka sake shafa baƙin fenti. Har yau duk wanda ya yi aji uku a shekarar nan, ko a kasuwa ka tare shi ka ce bakwai sau takwas, zai amsa kafin ya gane ka. Da Sista ta yi magana, Kawu cewa ya yi, "Ba ilimi mai zama kuke nema ba?"

Yanzu maganar igiya.

Kowace shekara, kafin a buɗe makaranta a farkon damina, Sista Rozina takan tara malamai da wakilan iyaye a tsara shekara. Takan shimfiɗa babbar takarda a kan tebur, ta ja layi, kowane wata da gidansa: ga jarrabawa, ga hutun Kirsimati, ga na Sallah, ga ranar da za a gyara rufi. Mace ce mai tsari, ko tsintsiya tana da ƙusar da ake rataye ta. Kawu ba ya cikin taron. Shayi yake kawowa. Amma idan ya ajiye ba ya fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana tari. Duk wanda ya san tarin nan ya san akwai magana a bayansa.

Maganar ɗaya ce kullum. Idan ridi ya nuna ba ya jiran kowa, in aka yi jinkiri kwansonsa ya fashe ya zube ƙasa. Don haka iyayen da ke aikin gona sukan kwashe gida gaba ɗaya su tafi Simsim yanka, har da yara. Kafin su dawo an yi nisa da karatu, kuma doka ta ce wanda ya daɗe bai zo ba a share sunansa. Sista ba ta son dokar, amma takan ce ba ta da ajin da za ta sa yaran da aka bari a baya, in ta mayar da su cikin 'yan uwansu kuma sai a taru a faɗi.

Bana, da ta gama jan layukanta, Kawu bai yi tari ba. Ya shigo har gaban tebur, ya ciro busasshen reshen ridi daga aljihu, ya ɗora a kan gidan watan Oktoba. Ya ce takardar nan ta san Kirsimati, ta san Sallah, amma ba ta san ridi ba, alhali shi ne sarkin garin. Aka yi dariya. Sista ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon reshen, sannan ta ce in da akwai ko rumfa ce, da ita da kanta za ta riƙa koyar da su da yamma har su cim ma sauran, kuma ba za ta share sunan kowa ba. Kawu ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kun dai ji. A gaban shaidu ta faɗa." Ya kwashe kofunansa ya fita.

Washegari ya fara haƙa rami a bayan aji shida. Cikin lakar daminar Gadarif, wadda ke cire wa mutum takalmi, ya kafa dirka shida shi kaɗai. Kwanon rufi kuwa ashe ya daɗe yana tarawa, tsofaffi, daga duk inda aka rushe wani abu. Saura ɗora sandunan sama da buga kwano. Sista ta kama shi a kan tsani sau biyu. A na uku ta ɗauke tsanin ta kulle a ɗakin addu'arsu, inda ta san ba zai shiga ba. Ya yi kwana uku ba ya amsa mata gaisuwa sai da kai.

Shi ne ya zo rumfata a kasuwa da igiyar. Bai iya karatun awo ba, sai ya auna tsakanin dirkokin ya yi ƙulli a kowane wuri. Ya ce aikin yini biyu ne ga kafinta. Na ce gobe zan zo. Da goben ta yi aiki ya taso, na ce jibi. Ya dawo sau huɗu. Daga nan ya daina kirana Salihu, ko a gaban abokan cinikina sai ya ce, "Usta Gobe, an tashi lafiya?" Mu yi dariya, in ba shi shayi, ya tafi.

Zuwansa na ƙarshe bai sha shayin ba. Ni ma ɗan makarantar ne, aji huɗu na tsaya. Mahaifina ya tafi da mu yankan ridi, muka dawo aka ce an share ni, daga nan aka kai ni wurin kafinta. Ban taɓa jin Kawu ya ta da maganar ba sai ranar nan. Ya ce, "Mako biyu ina ɗaga hannu ina duban hanyar gidanku. Na san kana Simsim, amma ina dubawa." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Na ce ina dawowa daga Shuwak zan zo. Ya ce to.

Bayan kwana uku da rasuwarsa na je makarantar da safe. Ba a sami sabon gafir ba tukuna. Sista Rozina ce a gindin dalbejiya, da ƙarfen Kawu a hannunta. Na dubi agogona, takwas ta wuce. Hannunta yana sama, idonta yana hanya, can wata yarinya tana tahowa da gudu, jakarta tana dukan bayanta. Sai da yarinyar ta shige sannan ta buga. Ba ta iya ba, ƙarar ba ta kai ko bakin titi ba. Na juya na kalli bango na ɗan lokaci.

Ta kai ni ɗakin ajiya ta miƙo mini gwangwanin ƙusoshi, ta sa aka fito da tsani. Ta ce alkawarinta yana nan, reshen ridin ma yana kan takardar ba ta ɗauke ba, kuma nan da mako uku yaran za su fara dawowa.

Awon igiyar ya fito daidai, ko yatsa ɗaya bai kuskure ba. Ƙusoshin ma duk sun shiga, ban da biyu da suka tuna da tsohuwar lanƙwasarsu. Ku da ya taɓa tsayar wa da hannu, wanda yake da kwano a bayan gida ya kawo. Tsoho nake nufi. In kuka kawo sabo, ban san abin da zan ce masa ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Iliyasu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya tsaya a ƙofa yana jiran na baya, Allah Ya sa ya tarar da ƙofar rahama a buɗe. Amin.

Na gama ɗora sandunan sama jiya. Kwanon da ya tara ya rufe rabi. Sauran rabin yana nan a buɗe.