Kalmar da ta kusa raba ni da lamba tara

Shekarun baya, tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya sa duk inda ka juya a Kano haƙa ake yi, ni ne mai lamba tara a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta Fagge. Da safe ina shagon yayana a kasuwar Singa, da la'asar ina fili. Ba yabon kai ba, masu tsaron gida suna shakkar ƙafar damata. Aibina ɗaya ne: in ƙwallo ta zo ƙafata, to ta iso gida, ba mai ƙara ganinta.

Akwai wani Bature ɗan Sifen da ya zo da kamfanin da ke shimfiɗa titi. Kullum in ya tashi aiki sai ya tsaya bakin fili yana kallonmu yana girgiza kai. Rannan abokina, kyaftin ɗinmu, Bayaraben da aka haifa a Fagge wanda Hausarsa ta fi tawa, ya je ya tambaye shi abin da muka yi masa. Ashe tsohon ɗan ƙwallo ne. Ya buga a rukuni na biyu a ƙasarsu, daga baya ya horar da ƙananan ƙungiyoyi biyu, duka suka sallame shi, ya koma awon hanya. Muka roƙe shi ya karɓe mu. Ya yarda, ya ce mu riƙa kiransa Mista, wai haka ake kiran koci a can.

Turancinsa bai fi namu ba, kuma in wasa ya yi zafi yarensu yake komawa. Duk sanda na karɓi ƙwallo sai in ji ya ɗaga murya: "Fasa, fasa!" Kaina ya kumbura. Na ce a raina Bature ya san ƙafa, har Hausa ya koya domina. Ko daga tsakiyar fili ne sai in narka ta da iya ƙarfina. Raga dai ban fasa ba, amma na taɓa kifar da tiren mai rake. Wata biyu cur ina haka.

Saura kwana uku mu kara da 'yan Sabon Gari, wasan da ake shekara ana jira, sai Mista ya karanta sunaye babu nawa. Rigata ya miƙa wa wani tela da ko gudu bai iya ba. Raina ya ɓaci sosai. Na ja abokina muka same shi, na ce ya tambayar mini shi wane ne ya fi ni bin umarninsa. Ya ce fasa, na fasa.

Abokina ya yi dariya har ya durƙusa. Ya ce, "Malam, ba fasa yake cewa ba. A yarensu cewa yake ka ba wani. Kowa ya gane sai kai. Sau nawa na gaya maka, ka ce hassada nake yi?"

Mista bai yi dariya ba. Wandonsa ya naɗe ya nuna mana tabon ɗinki a gwiwa. Ya ce shi ma haka yake da ƙuruciya. Wata rana kocinsa yana ta kiran wannan kalmar, ya ƙi saki, ya yanke ɗaya ya yanke biyu, na uku ya hau masa ƙafa. Yana da shekara ashirin da huɗu ya bar wasa. Ya ce zai sa ni bayan hutun rabin lokaci, amma in na buga alhali wani ya fi ni wuri mai kyau, na gama sa rigar nan.

Ranar wasan har rumfuna aka rufe a kasuwa. Suna da ɗaya muna nema na shiga. Ana dab da tashi ƙwallo ta faɗo mini, daga ni sai mai tsaron gida, daidai kusurwar da nake so. 'Yan Fagge suna ta ihu in buga. Mista ya harɗe hannuwa yana kallona. Ƙafata tana ƙaiƙayi na hango abokina ta hagu, ba kowa a kansa. Na tura masa ita salin-alin, shi kuma ya ɗaga ta can sama da raga. Haka aka tashi.

Na sha zagi a unguwa na mako guda, har yayana sai da ya ce da ya sani ya bar ni a shago. Amma da muka koma fili, Mista ya zo da rigar a ninke ya sa mini a hannu. Bayan shekara aikin titi ya ƙare ya tafi. Wasiƙa ɗaya ya aiko, yana cewa ya sake samun wata ƙungiya a wani ƙaramin gari.

Ina kewar mutumin nan, gaskiya. Kuma tun daga lokacin, in na ji ana faɗin abin da ya yi mini daɗi da yawa, nakan sake tambaya. Ni da abokina duk mun tsufa yanzu. In na tuna masa ƙwallon da ya zubar, sai ya ce ba laifinsa ba ne, shekara huɗu muna wasa tare bai taɓa ganin ta fito daga wajena ba, mamaki ne ya kama shi.